Gwanintar mai ɗaukar hoto ko tsadar gilashin kyamara: wanne ke fitar da hoto mai kyau?

A unguwar Tudun Wada da ke Ƙaramar Hukumar Chanchaga a Minna, kamar sauran unguwannin biranen Arewa, ɗaukar hoto a wuraren biki, suna da saukar karatu ya zama hanyar neman abinci ga matasa. Sai dai tun bayan faɗuwar darajar Naira a shekarar 2023, kayan aikin da ake shigowa da su daga waje sun yi tsada. Mai ƙaramin jari kan rasa abin yi: ya zuba kuɗinsa a sabon gilashin kyamara, ko ya ƙara koyon aikin?

Gilashin shi ne ke tattara haske ya kai cikin kyamara, kuma amfanin mai tsada yana fitowa fili a wurare biyu. Na farko, inda haske ya yi ƙaranci, kamar ɗakin amarya ko zauren walima da daddare. Gilashi mai lamba f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wanda aka saita a f/5.6. Na biyu shi ne nisa. Wanda ke son kama fuskar mahayi a hawan Sallah yana bukatar dogon gilashi, kamar mai milimita 200, domin ba zai shiga tsakanin dawakai ba.

Amma gilashi ba ya zaɓar wa mutum inda zai tsaya, ko lokacin da zai latsa. Da tsakar rana, inuwa kan taru a ƙarƙashin idanu, farar shadda kuma ta haske har aikin da ke wuyanta ya ɓace. Gwani zai kai mutumin gindin bishiya, ko ya jira la'asar. Wanda bai san haka ba, gilashi mai tsada zai ƙara fito da kuskurensa ne kawai.

Tarihin sana'ar ya nuna hakan. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriyar da ya shahara da hotunan kitson mata, ya fara ne a 1950 da ƙaramar kyamarar Brownie, kuma an baje aikinsa a babban bikin zane-zane na birnin Venice a 2013. Shi ma Seydou Keïta na Mali, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da hasken rana da zannuwa masu ado ya ɗauki yawancin hotunan da suka ɗaukaka sunansa.

Don haka abin da ya fi dacewa ga mai farawa shi ne ya laƙanci haske da abin da ke hannunsa. Idan ya ga hotunansa na dare ko na nesa ne kaɗai ke lalacewa, to lokacin sayen gilashi ya yi. Ranar biki ba ta maimaituwa, kuma iyalan amarya hoton za su duba, ba farashin kyamara ba.