Awa Ɗaya a Rana: Abin da Yaran Bunguɗu Suka Rasa Bayan Mutuwar Dandali

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na motsa jiki, inda ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kowace rana yana motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru, zuciyarsa ta buga da sauri. Ta ƙara da cewa sau uku a mako ya kamata motsin ya haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, kamar tsalle da hawa da gudu mai tsanani. Da a ce an karanta wa wani dattijon Bunguɗu wannan ƙa'ida shekara arba'in da suka wuce, da dariya zai yi. A zamanin nan, matsalar iyaye ita ce yadda za su kamo yaro daga waje ya zauna ya ci tuwo.

Yaron wancan lokaci yakan taka zuwa makaranta, ya ɗebo ruwa, ya bi mahaifinsa gona a damina, da dare kuma idan farin wata ya fito ya nufi dandali. A can maza na langa da kokawa da allan-ba-ku, mata na gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya. Babu wanda ya kira wannan motsa jiki, amma duk abin da likitoci ke nema yau yana cikinsa. Langa kaɗai ta isa misali: yaro ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu ta baya, yana tsalle da ɗayar, yana ture abokin karawa, yana kuma kare kansa daga faɗuwa. A cikin minti goma ya sami aikin zuciya, da ƙarfin cinya, da daidaiton tsayuwa, ba tare da an sayi takalmi ko ƙwallo ba. Shi ya sa ma wasan ya shiga cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a kansu a gasar wasanni ta ƙasa, tare da dambe da kokawa.

Abubuwa da yawa ne suka taru suka kashe dandali, amma a Zamfara babbansu rashin tsaro ne. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata daga makarantar Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A farkon Satumbar shekarar aka sake sace ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu baki ɗaya, kuma sai a farkon 2022 aka fara buɗe wasu. Duk uban da ya ga wannan ba za a zarge shi ba idan ya hana ɗansa fita bayan magariba. Filayen bayan gari, da bakin gulbin da ya ratsa Gusau ya wuce ta Bunguɗu, da gindin Dutsen Kwatarkwashi, duk wurare ne da yara suka saba zuwa su kaɗai a da, yanzu kuwa uwa sai ta yi tunani sau biyu.

Sauran dalilan na cikin gida ne, kuma sun fi shafar 'ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Ma'aikacin da ke sammako zuwa ofis a Gusau yakan ɗora yara a babur ko ya biya musu A-daidaita-sahu har ƙofar makaranta. Su zauna a aji har azahar, su ci abinci, su tafi Islamiyya su sake zama har yamma, wasu kuma akwai darasin gida da malami. Ɗan lokacin da ya rage, wayar uwa ce ke cinye shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake laifi a karan kansa. Karatun boko da na addini duk wajibi ne. Sai dai idan aka haɗa lissafi, za a tarar yaro ɗan shekara tara ya yi awa goma a zaune, bai yi gudun minti goma ba. Makarantun kuɗi da yawa kuma a gidajen haya suke, tsakar gidan ba ta fi wurin shanya ba, darasin motsa jiki da ke cikin manhaja ya koma abin da ake kwafa daga allo a rubuta jarrabawa a kansa.

Wannan ba matsalar Zamfara kaɗai ba ce. Wani bincike da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka wallafa a 2019, wanda ya duba ɗalibai miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, ya gano cewa kashi 81 cikin ɗari ba sa samun wannan awa ɗaya. A cikin mata kashi 85 ne, a cikin maza kashi 78.

Dalilin da ya sa likitoci ke matsa wa batun yana da alaƙa da yadda jiki ke ginuwa. Ƙashi abu ne mai rai, yana ƙara kauri ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa ta tsalle da gudu, kuma mafi yawan wannan gini yana kammala ne kafin mutum ya wuce shekara ashirin da 'yan kai. Abin da aka rasa a ƙuruciya da wuya a mayar da shi a girma. Tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga jini cikin sauƙi, wanda hakan ke rage haɗarin ciwon sukari da hawan jini nan gaba, cututtukan da yanzu ake gani ga mutanen da ba su kai arba'in ba. Yaron da ya gaji da wasa yakan yi barci mai nauyi, barcin kuma shi ke zaunar da abin da ya karanta a ƙwaƙwalwa. Har ido ma yana da rabo: binciken da aka yi a gabashin Asiya ya nuna cewa zama a hasken rana yana rage yawan yaran da ke kasa ganin nesa, shi ya sa tun 2010 Taiwan ta umurci makarantunta su riƙa fitar da yara waje na tsawon awa biyu a rana.

Amma akwai wata gaskiya da duk mai magana a kan yaran Zamfara dole ya faɗa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Yaron da ya fito makaranta bai karya kumallo ba, ba gudu yake bukata da farko ba, kunu da ƙosai yake bukata. Haka kuma yarinyar da ke yawo da farantin talla a ka tun safe, ko yaron da ke turin kura cike da jarkoki, ba za a ce sun sami motsa jiki ba don kawai sun yi gumi. Nauyin da ya fi ƙarfin yaro illa yake yi wa wuya da gadon baya. Don haka a gari guda akwai yara iri biyu: wanda zama da lemon kwalba suka yi wa yawa, da wanda wahala ta yi wa yawa. Dukansu wasa suka rasa.

Mafita ba ta bukatar filin wasa irin na Sardauna da ke Gusau. A 2012 wata shugabar makarantar firamare a garin Stirling na Sikotland, Elaine Wyllie, ta lura ɗalibanta ba sa iya zagaya filin makaranta da gudu ba tare da haki ba. Sai ta ware minti 15 kullum, kowane aji ya fita ya yi gudu ko sassarfa cikin kayan makaranta, ba gasa, ba sayen komai. Yau dubban makarantu a ƙasashe da dama suna bin tsarin. Babu abin da zai hana firamare a Bunguɗu ko Nahuce yin haka bayan taron safe, kafin rana ta yi zafi, a cikin harabar makaranta inda hankalin iyaye zai kwanta. Ƙungiyar iyaye da malamai tana da bakin da za ta nemi hakan, kuma uban da ke biyan kuɗin makaranta yana da haƙƙin tambaya ko akwai inda yara ke wasa kafin ya sa ɗansa.

A gida kuma, awa ɗayan ba sai an yi ta a zama ɗaya ba. Tafiya a ƙasa zuwa Islamiyyar unguwa minti goma ne, dawowa goma, ƙwallo ko langa a ƙofar gida bayan la'asar rabin awa, sai aike kaɗan. Idan maƙwabta uku ko huɗu suka yarda wani babba ya riƙa zama a bakin layi yana kallon yara, to an farfaɗo da dandali da rana ke nan. Ga ƙananan yara 'yan shekara biyu zuwa huɗu, hukumar ta ce kada kallon waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya a rana, jarirai kuma kada a ba su sam.

'Yan mata ne suka fi cutuwa, domin da zarar yarinya ta fara tasawa sai a ce gudu ba nata ba ne. Tsakar gida da ke da katanga ta wadatar ga tsallen igiya da gaɗa, makarantun mata kuma suna iya ware lokaci da malama mace. Malaman hadisi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, don haka hanin daga al'ada ya fito.

Sai kuma kiyaye lafiya. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura maki 40, wasa sai da sassafe ko da yamma, da ruwan sha a kusa. A lokacin hunturu ƙura tana tayar wa masu asma, gara su yi wasa a inuwar gida da maganinsu a hannu. Wanka a gulbi da kududdufi, ban da haɗarin nutsewa a damina, shi ne hanyar kamuwa da tsargiya, wadda alamarta fitsarin jini. Yaro mai sikila kuwa bai kamata a ware shi gefe ba. Yana iya wasa da 'yan uwansa muddin yana shan ruwa sosai, yana hutawa idan ya gaji, kuma malaminsa ya san halin da yake ciki don kada a tilasta masa ƙarasa zagayen fili.