In'ina Ba Taurin Kai Ba Ce

Kwanan baya na fita rangadin makarantu a ƙasar Ruma, watau Batsari, sa'an nan na kewaya Safana da Runka. A wata makarantar firamare malamin aji biyu ya nuna mini wani yaro ɗan shekara 7, ya ce tun da aka sa shi makaranta bai taɓa amsa tambaya ta fita sosai ba. Da an ce ya faɗi sunansa sai harshe ya sarƙe, ya runtse ido, 'yan aji su fashe da dariya. Malam ya ce ya yi faɗa, ya yi bulala, abin sai gaba yake yi. Da aka tashi tara, sai ga yaron nan a gindin bedi yana waƙa da 'yan'uwansa suna tafi, magana na fita ba ko gargada. Malam ya riƙe baki.

To, wannan ba abin mamaki ba ne ga likitocin magana. Sun daɗe da sanin mai in'ina yakan sami sauƙi in yana waƙa, ko yana faɗin abu tare da jama'a, ko yana bin wani kiɗa. Sun ƙididdige cewa cikin yara 100 wajen 5 sukan yi in'ina, galibi tana farawa tsakanin shekara 2 da 5, kuma ta fi kama maza. Mafi yawansu takan sake su kafin su girma. Ba taurin kai ke kawo ta ba, sau da yawa ma gado ce. Yanke belu ba ya warkar da ita.

Dalili kuwa shi ne, magana ba aikin harshe kaɗai ba ce. Sai numfashi da maƙogwaro da leɓe da kunne sun yi aiki tare bisa umarnin ƙwaƙwalwa. Saboda haka waɗansu masana suka ce a yi wa jikin yaro duka horo. A Zagreb, wajen shekarun 1950, Farfesa Petar Guberina ya shirya hanyar koya wa kurame furuci ta motsa hannu da jiki, kowane sauti da irin motsinsa. A Brazil kuma, cikin shekarun 1970, wata malama, Beatriz Padovan, ta riƙa mai da yaro ga mirgina da rarrafe da tafiya, kana ta bi da horon numfashi da tsotso da tauna, tana rera masa baituka bisa kari. Amma a faɗi gaskiya, har yanzu bincike bai tabbatar da cewa hanyar Padovan tana warkarwa ba. Sauƙin da kari ke kawowa ma yakan gushe in an daina, sai an dinga maimaitawa.

Mu nan ƙasar Katsina ba mu rasa kayan aikin ba. Ga gaɗa, ga lugude, ga karatun allo da yara ke yi baki ɗaya suna rausaya. Sai dai hare-haren da suka tsananta a gefen Dajin Rugu cikin 2019 da 2020 sun tashi ƙauyuka da yawa, yara suka rasa dandali. Tsoro ba shi ne asalin in'ina ba, amma yana ƙara mata nauyi.

Ga abin da nake roƙon malamai. Kowace safiya a ware minti 10, a tsai da aji duka, kada a keɓe yaro ɗaya a kunyata shi. A ja numfashi a sake a hankali. A faɗi kalmomi gaɓa gaɓa, kowace gaɓa da tafi ɗaya ko taki ɗaya: ma-ka-ran-ta. Sannu a hankali a rage tafin har magana ta tsaya da kanta. In yaro ya sarƙe, a jira shi, kada a ƙarasa masa, kada a bar kowa ya kwaikwaye shi. Malam kansa ya rage saurin bakinsa.

Wannan taimako ne, bai zama madadin likita ba. Yaron da ya kai shekara 2 bai fara haɗa kalmomi ba, ko kunnensa na zubar da ruwa, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, lalle a gaya wa iyaye su kai shi asibiti a Katsina a auna jinsa. Akawunan ofishin ilmi kuma su sa a rubuta irin yaran nan a rajista, domin mu san yawansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na koma makarantar nan bayan wata 3. In'inar ba ta rabu da yaron ba, amma ya ɗaga hannu, ya amsa tambaya, ba wanda ya yi dariya. Allah ya sa mu dace, amin.