Keken Lantarki Ko Na Mai: Wanne Ya Fi Sauƙi A Daura?

Duk wanda ke hawa Keke Napep zuwa makaranta a cikinmu ya ji a jikinsa tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Man dizal na manyan motoci dama ba shi da tallafi. Kuɗin hawa ya tashi, da yawanmu muka koma tafiyar ƙasa.

To, ko abin hawa mai aiki da lantarki zai sauƙaƙa mana? Amsar tana cikin lissafi guda biyu: kuɗin saye da kuɗin kullum.

A kuɗin kullum, lantarki ne kan gaba. Injin fetur ko dizal yana asarar fiye da rabin ƙarfin man da ya ƙona a matsayin zafi. Ku kuma lura da aikin mai keke: ya ɗauki fasinja a bakin kasuwa, ya sauke wani kusa da Rijiyar Kusugu, ya tsaya jiran na gaba, inji yana ta shan mai. Na lantarki idan ya tsaya, kusan ba ya cin komai. Ba ya kuma buƙatar baƙin mai ko fulogi.

A wajen saye ne gizo ke saƙar. Batiri yana da tsada, yana raunana bayan wasu shekaru, zafi irin na bazararmu kuma yana rage masa kwana. Direban da ke biyan balas kowace yamma ba shi da kuɗin canza shi lokaci guda. Sannan ga caji: idan babu wuta sai an tayar da janareto, ka ga an koma gidan jiya. Doguwar tafiya zuwa Baure ko Zango ma tana buƙatar wurin caji a hanya.

Amma an gwada a Arewa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan motocin bas masu aiki da batiri, ana yi musu caji da hasken rana. Rana kuwa ba ta yi mana rowa a Daura, ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garinmu.

Ga aikin gida: ku tambayi mai keken unguwarku nawa yake kashewa a mai kullum, ku ninka sau 300. Abin da ya fito shi ne kusan kuɗin mansa na shekara. Da shi za a auna ko batiri zai biya kansa, ko kuma har yanzu da saura.