IN GIYAR ƘAFA HUƊU TA ƘI SHIGA: Gargaɗi Ga Direbobi Da Masu Tsohuwar Land Rover A Ƙasar Katsina

An shirya wannan 'yar takarda domin direbobi da masu motoci na birnin Katsina da kewaye, musamman waɗanda ke riƙe da tsohuwar Land Rover. Wanda ya fita ta Ƙofar Guga ya nufi Jibiya, ko ta Ƙofar 'Yanɗaka ya nufi Batsari, ko ta Ƙofar Sauri ya nufi Kaita, kwalta zai bi. Amma da ya ratse domin shiga ƙauye ko gona, sai ya tarar da rairayi in da rani ne, taɓo in da damina ne, balle cikin watan Agusta sa'ad da ƙoramu ke kawo ruwa. A irin wannan wuri ne a ke bukatar ƙafafun mota huɗu su ja gaba ɗaya. In suka ƙi, mai yiwuwa ne mai naƙuda ta kwana a daji ba ta isa asibiti ba, ko taki ya makara ga shuka.

Sau da yawa ɓacin ba cikin akwatin giya ya ke ba, waje ya ke, inda ido zai gani hannu ya kai. Saboda haka kada a yi garajen sauke giya. A fara bincike daga abu mai araha, sa'an nan a gangara zuwa mai tsada.

ASALIN MOTAR

Kamfanin Rover na Ingila ya fito da wannan mota cikin 1948, ana ƙera ta a garin Solihull. Samfuri na biyu ya fito cikin 1958, na uku cikin 1971, aka daina yinsa cikin 1985. A zamanin En'e da ita ma'aikatan gona da na dabbobi da na lafiya su kan fita rangadi. Bayaninmu a kan waɗannan tsofaffin ya ke. Waɗanda aka fara yi daga 1983, masu jan ƙafa huɗu kullum, shirinsu dabam ne.

SANDUNA UKU DA AIKINSU

Kusa da direba akwai sanduna uku. Mai baƙin kai ita ce giyar da kowa ya sani. Mai jan kai da mai rawayan kai su ke juya wani ƙaramin akwatin giya da ke manne bayan babban, wanda aikinsa raba ƙarfin inji ne. Daga gare shi farfela biyu suka fita, ɗaya ta nufi aksil na baya, ɗaya ta nufi na gaba.

A kan kwalta ƙafafun baya kaɗai ke tura mota. In aka danna rawayar sanda ƙasa, sai wani haƙori ya kama farfelar gaba, ƙafa huɗu su ja. Ana iya danna ta mota tana tafiya.

Jar sanda matsayi uku gare ta. Gaba, tafiyar yau da kullum. Tsakiya, babu giya ko kaɗan. Baya, giyar ƙarfi, wadda ke rage gudu ta ƙara ƙarfin ja kamar ninki biyu ko fiye, ita kuwa da kanta ta kan shigar da ƙafa huɗu. Ba a jawo ta baya sai an tsai da mota an taka kuloci.

Ga abin da direbobi da yawa ba su sani ba: rawayar sanda ba a fizgo ta sama da hannu. In ana so a fita daga ƙafa huɗu, sai a tsaya, a jawo jar sanda baya, a sāke mai da ita gaba. Nan take rawayar za ta yi tsalle ta koma sama.

BINCIKE NA FARKO: ABIN DA BA YA CIN KO SISI

1. Dubi jar sanda. In inji yana kuka, giya tana ciki, mota ba ta motsi, watakila sandar ta tsaya a tsakiya ne.

2. Dubi cibiyar ƙafafun gaba. Waɗansu motoci an ƙara musu makulli a nan, an rubuta Free da Lock, ko 4x2 da 4x4. In ko ɗaya daga cikin biyun yana buɗe, ƙarfi ba zai isa ƙasa ba, kome kyaun giya. A kulle su duka biyu tun ba a shiga rairayi ba. Tsofaffin Toyota masu irin wannan makulli ma haka hukuncinsu ya ke.

3. Dubi gindin sandunan. Shimfiɗar roba, ko buhu, ko sifana da ta faɗi, su kan hana sanda kaiwa matuƙarta.

4. Dubi sifirin da ke ƙarƙashin rawayan kan. In ya karye ko ya saki, sanda ba za ta komo sama ba.

BINCIKE NA BIYU: GWAJI DA JEK

Wannan gwaji zai nuna inda ɓacin ya ke, ba a kwance noti ko ɗaya ba. A sami wuri mai tauri, marar gangara. A kashe inji, a sa giya ta ɗaya, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da bayan ƙafafun baya. A kulle makullan cibiya, a danna rawayar sanda. Sa'an nan a ɗaga ƙafar gaba guda ɗaya kaɗai, a juya ta da hannu, yaron mota ya tsuguna a gefe yana kallon farfelar gaba.

In ƙafar ta ɗan motsa ta cije, to, ƙafa huɗu ta shiga, babu laifi.

In ƙafar tana juyawa, farfela kuma tana juyawa tare da ita, to, aksil lafiya lau. Haƙorin cikin ƙaramin akwati ne bai kama ba.

In ƙafar tana juyawa amma farfela tana tsaye, to, akwati ba shi da laifi. A nemi ɓacin a makullin cibiya, ko sandar aksil da ta karye, ko haƙoran tukunyar aksil. A lura, mai yiwuwa ne ɓacin yana ga ɗaya ƙafar da ke ƙasa, ba wadda aka ɗaga ba.

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana bisa jek kaɗai. Jek ba ya da amana a kan rairayi.

IN LAIFIN NA AKWATI NE

Ko a nan ma kada a karai. Alamar da aka fi gani ita ce a danna rawayar sanda ta ƙi zama ƙasa. Dalili kuwa, wani ƙarfe ne ke zamewa ya tura haƙorin, sifirin ke tura shi, ba ƙarfin hannu ba. Bakinsa yana leƙowa ta goshin akwati, ƙarƙashin wani ɗan murfi. In mota ta daɗe ba a sa mata ƙafa huɗu ba, ƙurar hunturu da ruwan ƙorama su kan shiga murfin, tsatsa ta riƙe ƙarfen. Makaniki zai cire murfin, ya kankare tsatsa, ya zuba mai, ya yi ta motsa jar sanda gaba da baya har ƙarfen ya saki, kāna ya shafa giris ya mayar. Kada a yarda a buge shi da babbar guduma.

A duba mai kuma. Babban akwati da ƙarami kowane da ma'ajinsa da kusar awonsa a gefe. Man giya mai lamba 90 a ke zubawa, har ya kawo bakin ramin kusar. In man ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga, sai a juye a sāke. Sai an gama duk wannan bai yi ba, sa'an nan a yi zancen sauke akwati.

IN TA SHIGA TA ƘI FITA

A kan kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya cin tafiya. Wannan mota kuwa ba ta da abin da zai daidaita tsakanin farfela biyu. A rairayi taya ta kan ɗan sulɓe, bambancin ya tafi. A kwalta ba ta sulɓewa, sai ƙarafa su murɗe, sitiyari ya yi nauyi, jar sanda ta cije. Maganinsa a yi baya kaɗan a miƙe, ko a sauka gefen hanya inda ƙasa ke da laushi. In bai saki ba a ɗaga ƙafar gaba ɗaya, amma a ja da baya, gama ta kan fizga ta juya. Wanda ya ci gaba da tafiya haka, sandar aksil zai karya. Tayoyi masu girma dabam dabam, ko iska marar daidaito, su ma su kan jawo wannan.

ABU BIYU DA YA KAMATA A SANI

Na ɗaya, in mota ta kafe aka ga ƙafa ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya suna wulwulawa, sauran biyu suna tsaye, wannan ba ɓaci ba ne. Tukunyar aksil ta kan aika da juyi ga ƙafar da ba ta da riƙo. A daina taka totur, a haƙe gaban tayoyin, a shimfiɗa kara ko rassa, a rage iska kaɗan in rairayi ne.

Na biyu, in sandar aksil ta baya ta karye, mota ba za ta motsa ba, amma in an danna rawayar sanda ƙafafun gaba za su ja ta sannu a hankali zuwa gareji. Sai dai a tuna, birkin hannu na wannan mota farfelar baya ya ke riƙewa, ba ƙafafu ba. Saboda haka a wannan hali ba ya riƙe ƙafafun baya, in kuwa ƙafa huɗu ta fita ba ya riƙe kome. Duk inda aka tsaya a sa waigi.

KAMMALAWA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ko da sau ɗaya a wata, a sami hanyar ƙasa, a kulle cibiyoyi, a danna rawayar sanda, a gwada giyar ƙarfi, domin mai ya zaga ƙarafan su saki jiki. A yi gwajin jek cikin watan Mayu, tun ruwa bai sauka sosai ba. Kada a fita sai da jek, da katako mai faɗi na ɗora shi, da waigi, da shebur. Da an hau kwalta kuma a fitar da ƙafa huɗu.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa abokan aikinsa a tasha da gareji. Allah Ya kiyaye hanya, amin.