Magungunan Gargajiya da Lafiyar Kajin Gida a Ƙasar Rogo

A Rogo Sabon Gari da sauran garuruwan ƙasar Ƙaraye da Rogo, kiwon kajin gida sana'a ce da akasari mata da yara ke riƙe da ita, kuma idan kaza ta kamu da ciwo, abin da ke kusa ake fara nema. Akan jiƙa ɓawon maɗaci ko ganyen darbejiya a ruwan shan kajin, wasu kuma su daka barkono ko tafarnuwa su zuba, yayin da ake barbaɗa toka a akurki domin rage ƙwarƙwata. Ganyen zogale kuwa ƙarin abinci ne mai gina jiki, wanda yake taimaka wa kazar da ta rame ta farfaɗo.

Sai dai annobar da ta fi kashe kaji lokacin hunturu, wato cutar Niyukasil, mai sa zawo da murɗewar wuya, ƙwayar bairus ce ke haddasa ta, kuma waɗannan jiƙe-jiƙen ba sa kashe ta. Kariyarta ita ce rigakafi, irin wanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take samarwa. Ya kamata masu kiwo su ware kazar da ta kamu, su binne wadda ta mutu, sannan su nemi malamin dabbobi kafin sanyi ya shigo.