Yadda Gyaɗar Daji Ta Ceci Gyaɗar Gona

Akwai wata tsutsa da ido ba ya iya ganinta sai da madubin ƙara girman abu, amma tana iya kassara gonar gyaɗa guda. Masana na kiranta nematod. Nau'in da ya fi addabar gyaɗa a kudancin Amurka shi ne Meloidogyne arenaria. Tana shiga cikin saiwa ta zauna tana tsotsar abinci, wurin ya kumbura ya yi ƙulli. Daga nan ruwa da sinadaran ƙasa ba sa hawa yadda ya kamata, ganye ya yi rawaya, shukar ta tsumbure, amfani ya ragu.

Shekaru da yawa manoma sun dogara da maganin feshin ƙasa, mai tsada kuma mai haɗari ga lafiya. Masu bincike suka duba irin gyaɗar noma ba su sami mai jure tsutsar sosai ba. Sai suka juya ga danginta na daji da ke tsirowa a Kudancin Amurka, asalin gyaɗa, musamman Arachis cardenasii ta ƙasar Bolibiya.

A nan aka gamu da cikas. Gyaɗar gona tana da kuromosom 40, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, ita kuwa ta daji 20 gare ta, don haka barbararsu ba ta haifar da iri mai kyau. Dakta Charles Simpson na Jami'ar Texas A&M ya haɗa nau'i uku na daji, ya ninka kuromosom ɗinsu da sinadarin kolcisin suka zama 40. Sannan ya riƙa barbara abin da ya samu da gyaɗar gona, zubi bayan zubi, yana zaɓar masu juriya kaɗai.

A 1999 aka fitar da COAN, irin gyaɗa na farko mai jure wannan tsutsa. NemaTAM ya biyo baya a 2002. A 2007 aka fitar da Tifguard a jihar Jojiya, wanda ke jure tsutsar da kuma wata cutar bairos da ke lalata ganye.

Ku gwada wannan a gonar makaranta: ku tuge gyaɗa ku duba saiwarta. Ƙananan ƙwayoyin da ke manne a gefe, masu ciruwa da ɗan yatsa, na amfani ne, su ke tara wa shuka sinadarin naitirojin. Idan kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ku nuna wa malamin aikin gona.