KABARI MAI FARAR ƘASA

Karatu: Matiyu 23:23-28

Yau za mu dubi wata magana mai zafi da Yesu ya yi a Haikali cikin Urushalima, kwanaki kaɗan kafin a gicciye shi. Bai yi wannan magana ga ɓarayi ko mashaya ba. Ya yi ta ne ga mutanen da kowa yake ganin sun fi kowa ibada, wato malaman Attaura da Farisiyawa. Ya kamanta su da kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa, waje tas, ciki kuwa ƙasusuwan matattu.

Su wane ne Farisiyawa?

Kada mu ɗauka mutanen banza ne. Masanin tarihin Yahudawa, Yosifus, ya ce a zamanin sarki Hirudus yawansu ya ɗara 6,000, jama'a kuwa suna girmama su ƙwarai. Shari'ar Musa ta ɗora wa Isra'ila azumi na dole rana ɗaya a shekara, wato Ranar Kafara, amma Bafarisiyen da ke cikin Luka 18 yana yin azumi sau biyu kowane mako. Suna fitar da zakka har daga ganyayen miya kamar na'ana'a. Suna ɗaura layu masu ɗauke da ayoyi a goshi da hannu. Da a ikilisiyarmu suke yau, da su za mu fara zaɓa dattawa.

Me ya sa ake shafa wa kabari farar ƙasa?

A nan ne nauyin maganar yake. Bisa ga Littafin Ƙidaya 19:16, duk wanda ya taɓa kabari ya ƙazantu har kwana bakwai. Wanda ya ƙazantu kuwa ba zai ci Idin Ƙetarewa tare da jama'a ba, sai ya jira wata na biyu. Ga kuma dubban baƙi suna tururuwa zuwa Urushalima don idin, ba su san inda kaburbura suke a bakin hanya ba. Saboda haka a watan Adar, kamar wata ɗaya kafin idin, akan bi kaburbura ana shafa musu farar ƙasa domin matafiyi ya hango su ya kauce.

Ka ga ke nan, sa'ad da Yesu yake magana, kaburburan suna nan fari fat, kowa yana ganinsu. Farin yana da kyau a ido, amma ma'anarsa ita ce, akwai mutuwa a nan, yi nesa. Yesu yana gaya wa waɗannan malamai cewa ibadar da suke taƙama da ita ba ta kawar da mutuwar da ke ciki ba, rufe ta kawai ta yi. A cikin Luka 11:44 ma ya ƙara da cewa suna kama da kabarin da ba shi da alama, mutane suna takawa suna ƙazantuwa ba su sani ba. Wato mai ibadar ganin ido ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da waɗanda suke binsa.

Kalmar da aka juya mana da “munafuki” a harshen Helenanci tana nufin ɗan wasan kwaikwayo. A wancan zamani 'yan wasa sukan rufe fuska da wata fuskar da aka sassaƙa. In an tashi wasa sai a cire, mutum ya koma yadda yake.

Farar ƙasar zamaninmu

Ɗan'uwa, mu bar Farisiyawa mu dubi kanmu. Mutum yana da sunan Littafi Mai Tsarki, Bulus ko Istifanus. An yi masa baftisma, yana da kati, yana cin jibin Ubangiji. Ya manna aya a bayan motarsa. Ran Lahadi muryarsa ta fi ta kowa a ƙungiyar mawaƙa. Amma ran Litinin a kasuwa mudunsa a lotse yake. Ko kuwa a ofis, takardar talaka ba ta motsi sai an sa wani abu a ƙarƙashinta. Ga wata uwa, ba ta fashin zumuntar mata, ankonta kullum a goge, amma yarinyar da take yi mata aiki a gida ba ta ƙoshi, ba ta zuwa makaranta. Ga wani yana ba da kuɗi mai yawa ran gidauniya domin za a kira sunansa a lasifika, alhali ya riƙe ladan leburorin gonarsa wata biyu. Ga masu zama a benci ɗaya, suna rera waƙa ɗaya, amma ba sa gaisawa saboda kabila ko rikicin fili.

Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Mutane suna iya ruɗuwa, fasto ma yana iya ruɗuwa. Annabi Sama'ila kansa ya ruɗu da tsayin Eliyab da kyan tsarinsa, har Allah ya tuna masa cewa shi zuciya yake dubawa (1 Sama'ila 16:7).

To, mu daina zuwa sujada ke nan?

A'a, ko kaɗan. Yesu bai hana fitar da zakka ba. Abin da ya ce a aya 23 shi ne, sun riƙe ƙananan abubuwa sun yar da manya, wato gaskiya da jinƙai da aminci. Ya kamata a yi waɗannan, ba tare da barin waɗancan ba. Baftisma da baiko da zumunci duk umarnin Ubangiji ne. Amma su 'ya'yan itace ne, ba saiwa ba. In ka ɗaure mangwaro a reshen busasshen itace, masu wucewa za su yaba kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ya ruɓe.

Sahihiyar bangaskiya daga ciki take farawa. Mutum ya yarda shi mai zunubi ne, ya daina dogara ga ayyukansa, ya dogara ga mutuwar Yesu da tashinsa. Allah ya yi alkawari ta bakin annabi Ezekiyel (36:26) zai cire zuciyar dutse ya ba da sabuwa. Kabari ba ƙarin farar ƙasa yake bukata ba, mai ta da matattu yake bukata.

Ga tambayoyi uku da za ka auna kanka da su. Yaya kake in ba wanda yake ganinka? In ka yi zunubi, me ya fi damunka, ka ɓata wa Allah rai, ko kada asirinka ya tonu? Matarka, 'ya'yanka da maƙwabcinka wanda ba Kirista ba, wace shaida za su bayar a kanka?

Akwai bege

Nikodimu Bafarisiye ne, shugaba, malamin Isra'ila. Ya zo wurin Yesu da dare, aka gaya masa dole a sāke haifarsa (Yahaya 3). Bai yi fushi ya tafi ke nan ba. Ranar da aka gicciye Yesu, sa'ad da yawancin almajirai suka watse, shi ne ya fito fili tare da Yusufu mutumin Arimatiya, ya kawo mur da al'ul fiye da kilo 30, suka binne Ubangiji a jajiberin babbar rana. Mutumin da dā yake gudun idon jama'a ya sa sunansa da matsayinsa cikin hatsari saboda Yesu. Abin da ya canja Nikodimu yana iya canja ka yau.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka san abin da muke ɓoye wa mutane. Ka gafarta mana ibadar ganin ido. Ka wanke cikinmu da jinin Ɗanka, ka ba mu sabuwar zuciya, domin zamanmu a gida da kasuwa ya yi daidai da abin da muke furtawa a ɗakin sujada. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.